Wai jitata ce ba saiti, ko Cmaj7 ne bai dace da waƙarmu ba?

Sadiq Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu jita ku taimaka min, jiya na sha kunya. Muna gwaji a wani situdiyo a Zoo Road saboda dinar biki da za mu yi ranar Asabar. Waƙar a C take, mai sanyi ce, irin wadda ango da amarya suke takawa a hankali. To ni kwanan nan na koyi wani kod (haɗin sautukan da ake kaɗawa tare) da ake rubutawa Cmaj7, wato meja sebin, kuma wallahi in na zauna ni kaɗai a soro ina kaɗa shi, ji nake kamar an yayyafa wa tsakar gida ruwa da la'asar. Sai na ce bari in burge mutane, duk inda C yake na mayar da shi Cmaj7. Ba mu kai ƙarshen baitin farko ba mawaƙin ya ɗaga hannu, ya juyo ya ce, "Sadiq, jitarka ba saiti." Na duba da manhajar saiti ta waya, komai daidai. Muka sake ɗauka, ya sake tsayawa a daidai wurin nan. Ƙarshe mai fiyano ya ce in koma C ɗina na gado. Na koma, aka wuce lafiya. Tun jiya abin ke cina a rai. Ni ne ban iya kama kod ɗin ba, ko jitar ce, ko kuwa kunnen mawaƙin ne bai waye ba?

Aminu Kurna: Wa alaikumus salam. Hunturu ne kawai abokina. Katakon jita ba ya shiri da busasshiyar iskar nan, kana saitawa tana saki. Tawa ma haka take yi tun da sanyin nan ya shigo.

Sadiq Gwammaja: Na yi tunanin haka. Amma me ya sa da na koma C aka daina ƙorafi? Ai jitar ɗaya ce, hunturun ma ɗaya ne.

Malam Habu Mai Jita: Tukuna dai. Sadiq, ya kake kama shi? Rubuto mana.

Sadiq Gwammaja: x32000 Malam. C ɗin da kowa ya sani ne, sai na ɗage manuni daga tsirkiya ta biyu.

Malam Habu Mai Jita: To kamunka ba laifi. Cmaj7 ne tsaf.

Ummi Hotoro: Ku yi haƙuri da katsalandan, ni sabuwa ce, wata biyu ke nan da fara koyo. Waɗannan lambobin da kuke jerawa kamar lambar waya, me suke nufi?

Malam Habu Mai Jita: Ba komai Ummi, don haka aka buɗe gidan. Kowace lamba tsirkiya ɗaya ce. Ana farawa daga mai kauri, wadda ke sama in kin rungumi jitar, ita ce ta shida, a sauko har siririyar ƙasa, ta ɗaya. Saitinsu E A D G B E. Lambar tana gaya miki gidan da za ki danna, wato tsakanin ƙarafan nan da aka jera a wuyan jita. Sifili na nufin ki kaɗa tsirkiyar a sake ba dannawa, x kuma kar ki taɓa ta. C na kullum x32010 ne: yatsan zobe a gida na 3 na tsirkiya ta biyar, na tsakiya a gida na 2 na ta huɗu, manuni a gida na 1 na ta biyu. Ɗage manunin kawai, kin samu Cmaj7. Cikin kod-kod ɗin jita, ban san wanda ya fi shi arha ba. Ba ƙari ake yi ba, ragi ake yi.

Aminu Kurna: Malam ni fa ba haka aka koya min C sebin ba. Ƙaramin yatsa nake ƙarawa a gida na 3 na tsirkiya ta uku, x32310.

Malam Habu Mai Jita: Wannan C7 ne Aminu, ba Cmaj7 ba. Suna ne ya zo kusa, amma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba. Cmaj7 sautuka huɗu ne: C, E, G, B. Shi kuwa C7: C, E, G da B fulat, wato B da aka ja baya da gida ɗaya. Gida ɗayan nan shi ne duk bambancin, amma halinsu ya yi hannun riga. C7 ba ya zama, kamar mutum ne a tsaye bakin titi yana jiran adaidaita, so yake ya tafi F. Cmaj7 kuwa ya shimfiɗa tabarma ya kishingiɗa.

In kana so ka ji da kunnenka, bar C, je ka D. Kama xx0232, sannan xx0222, sannan xx0212. Tsirkiya ta biyu ce kaɗai ke sauka: gida na 3, na 2, na 1. Na farko D, na biyu Dmaj7, na uku D7. A wajen A ma haka: x02220, x02120, x02020, nan kuma tsirkiya ta uku ce ke sauka. Yi su a jere sau goma, ba za ka ƙara haɗa su ba har abada.

Aminu Kurna: Tabɗi. Shekara biyu ina ganin maj7 a takarda ina kaɗa 7. Shi ya sa wasu waƙoƙin suke fito min kamar an sa musu tsamiya.

Nura Fiyano: Ni dai bari in faɗi gaskiya ko za a ji haushi. Wannan kod ba namu ba ne. Na fi shekara goma ina haɗa kiɗa a Zoo Road, ban taɓa ganin mawaƙin da ya shigo ya ce a sa masa meja sebin ba. Meja da maina, kod-kod ɗin kullum, sun ishe mu, mutane na rawa, ana liƙi. Kayan jaz ne na Amurka da kiɗan otal. Sadiq, mawaƙinka ya fi ka gaskiya, kunnen Bahaushe ne ya ƙi abin.

Sadiq Gwammaja: Haba Yaya Nura, to ni kunnen wa gare ni? A Gwammaja aka yanke min cibiya fa.

Nura Fiyano: Naka YouTube ta lalata shi.

Anti Rifkatu: Sannunku. Ina karantawa tun ɗazu, ina bakin murhu ne. Sadiq ƙanena, tambaya ɗaya zan yi maka. A wurin da mawaƙin yake tsayawa, ƙarshen layi ne, inda yake jan murya ya sauke?

Sadiq Gwammaja: Ƙwarai Anti. Daidai inda yake jan sunan amarya.

Anti Rifkatu: To je ka nemo sautin da yake ja ɗin a jitarka. Ina kyautata zaton do ne, wato C kansa.

Sadiq Gwammaja: Ina da rikodin ɗin gwajin a waya, bari in saurara.

Sadiq Gwammaja: Anti wallahi C ne. Tsirkiya ta biyu, gida na 1. Daidai wanda na ɗage yatsana daga kai!

Anti Rifkatu: Ka ga inda gizo ke saƙar. Shi yana riƙe da do, kai kuma kana kaɗa masa ti, wato B, a gindin kunne. Tsakanin ti da do gida ɗaya ne rak, babu sautuka biyu a jita da suka fi su kusa. In suka fito tare a matsayi ɗaya sai su yi ta gogayya, mai saurare ya ɗauka wani ne ya kauce. Mawaƙin bai san sunan abin ba, amma kunnensa bai yi ƙarya ba. Ni ma na sha fama da wannan a ƙungiyar mawaƙanmu ta coci a Sabon Gari. Yaro zai koyo meja sebin, sai ya zuba shi a ƙarshen kowace waƙa, alhali duk jama'a a do suke sauka. Sai ka ga tsofaffi suna waige-waige.

Sadiq Gwammaja: Amma Anti ga abin da ya ɗaure min kai. Ai a cikin kod ɗin kansa akwai C akwai B tare. Me ya sa in ni kaɗai nake kaɗawa ba sa faɗa?

Bashir Bazazzagi: Bari Bazazzagi ya wayar da Kanawa, kamar yadda aka saba. Magana ce ta tazara. C ɗin da ke cikin x32000 yana can ƙasa a tsirkiya ta biyar, yana karkarwa kusan sau 131 a daƙiƙa. B na tsirkiya ta biyu a sake kusan sau 247. Tsakaninsu gida 11 ne, sun yi nisa da juna, shi ya sa abin da kake ji ɗan ɗaci ne mai daɗi, irin na goro. Amma C ɗin da mawaƙinka yake ja na sama ne, kusan 262. To 262 da 247, bambancin wajen 15 ne kacal. In sautuka biyu suka matso haka, kunne ba ya iya raba su sosai, sai ya riƙa jin wata gurnani a tsakani, kamar janareta biyu a maƙwabta.

Gwada wannan yanzu. Danna tsirkiya ta uku a gida na 5, shi ne C na mawaƙin. Kaɗa ta tare da ta biyu a sake. Abin da ya ji ke nan jiya. Sannan ja yatsan baya zuwa gida na 4, za ka ji sun zama abu ɗaya, don nan B ne shi ma.

Aminu Kurna: Bawa ya yi magana mai ma'ana yau, a ba shi goro.

Bashir Bazazzagi: Ubangidanku dai. Ku da sai an ƙirga muku da kuɗi kuke gane lissafi.

Sadiq Gwammaja: Na gwada. Kai! Har haƙorana na ji. Allah ya ba mawaƙin nan haƙuri, ni da nake cewa a raina bai waye ba.

Nura Fiyano: To ai maganata ce ta fito. Waƙoƙinmu a do suke sauka, kod ɗin kuma ba ya shiri da do. Me ya rage? A bar wa masu shi kayansu.

Malam Habu Mai Jita: Rabin maganarka gaskiya ce Nura, kuma rabin nan yana da muhimmanci, bari in ƙara mata ƙarfi kafin in rushe ɗaya rabin. Yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya, irin na masu gurmi da garaya da kukuma, da waƙoƙin gaɗa na dandali, a kan sautuka biyar suke tafiya. In ka auna su da ma'aunin fiyano, kusan do, re, mi, so, la ne, wato C, D, E, G, A. Babu fa, wato F, babu ti. Na ce kusan, don mai gurmi ba da manhajar waya yake saiti ba. To shi Cmaj7, abin da ya mai da shi Cmaj7 shi ne ti, sautin da karin waƙar bai san da zamansa ba. Dole ya zo wa kunne kamar baƙo.

Amma meja sebin ba a kan do kaɗai yake zama ba. In ka bi sautuka bakwai na C kana gina kod mai hawa huɗu a kan kowanne, wuri biyu ne yake fitowa da kansa: a kan do, da a kan fa. Na kan fa shi ne Fmaj7: F, A, C, E. Yanzu ku lura da kyau. Rigimar da Anti ta bayyana tana tashi ne in mawaƙi ya ja tushen kod ɗin a saman na bakwai ɗinsa, kamar do a saman ti a Cmaj7. A Fmaj7 tushen shi ne fa. Mawaƙin da ke tafiya a kan sautuka biyar kuwa ba ya taɓa furta fa. Sauran ukun, A da C da E, wato la, do, mi, duk 'yan gida ne a waƙarsa. Ke nan Fmaj7 ba shi da abokin faɗa. Ni a ganina ma ya fi F zalla dacewa da irin waƙoƙinmu.

Ummi Hotoro: Malam, Fmaj7 ɗin yana da wuya kamar F? Don F ya kusa sa ni ajiye jita. Yatsana ya ƙi kwanciya a kan tsirkiyoyin.

Malam Habu Mai Jita: Albishirinki. xx3210 ne. Yatsa uku kamar matakala: zobe a gida na 3 na ta huɗu, tsakiya a gida na 2 na ta uku, manuni a gida na 1 na ta biyu, ta ɗaya a sake. Ba kwantar da yatsa. In kina kan Am, wato A maina, x02210, manuninki ma ba zai motsa ba, sauran biyun ne za su canja wuri. Ki dai kiyaye manya biyun na sama, kar ki kaɗa su.

Nura Fiyano: Malam wannan lissafin naka na sautuka biyar ya tsaya a zamanin kalangu. Shigo situdiyo ka ji. Waƙoƙin fim da yawa salon Indiya suka ɗauko, mawaƙi yana taka fa yana taka ti yadda ya ga dama. In ya ja fa a kan Fmaj7 ɗinka, mun koma gidan jiya.

Malam Habu Mai Jita: Wannan haka yake, ban musa ba. A irin wannan wurin sai ka ba shi F zalla. Amma ka ga da bakinka ka kashe maganarka ta farko. In mawaƙanmu suna rera ti, to kunnen Bahaushe bai ƙi ti ba ke nan. Kuma duk inda mawaƙi ya ja ti ko mi ko so a kan C, Cmaj7 zai zauna masa daram.

Nura Fiyano: Zama daram daban, buƙata daban. Ni ban ga abin da ya rage wa waƙar ba in babu shi.

Anti Rifkatu: Nura, kai da kake kan fiyano kullum, ina da tabbacin kana kaɗa shi ba ka sani ba. In mai bes, jitar nan mai kaurin murya, yana riƙe da C, kai kuma hannun damanka ya tafi Em, me aka samu? Em shi ne E, G, B. Ɗora shi a kan C. Haka in kana Am aka sauke bes zuwa F, Fmaj7 ke nan. Waƙoƙin soyayya nawa ka haɗa da Am sannan bes ya sauka F hannunka na dama bai motsa ba?

Nura Fiyano: Anti wannan ai ragwanci ne na hannu, ba wai na shirya ba.

Anti Rifkatu: To ragwancin naka suna gare shi a littafi.

Bashir Bazazzagi: An kama Bakano da kayan da yake cewa na sata ne a cikin shagonsa.

Baba Ɗanjuma: Salamu alaikum yara. Jikata ce take rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. An karanta min duk abin da kuka faɗa. Ni na yi kiɗan jita a ƙungiya a Sabon Gari tun ana rawa da wando mai faɗin ƙafa. Wanda ya koya min hannu mutumin Gana ne, muna kiɗan hailaif tare a otal-otal, har zuwa 1983 da gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takarda su fita, ya tafi, ban sake ganinsa ba. Allah ya saka masa. Shi bai taɓa ce min meja kaza ba. Abin da yake cewa, in mai waƙa ya dawo gida, kar ka tare masa ƙofa. Idan layi zai ƙare a do, ba ya ba ni wannan kod ɗin naku, sai ya sa in kama C in ƙara la a ciki, wanda kuke rubutawa C6. Ku kama x32210 ku ji. Yana da zaƙi, kuma ba ya taɓa mai waƙa ko kaɗan. Shi wancan mai ti ɗin, muna ajiye shi ne sai mai waƙa ya yi shiru yana shan iska, ko a buɗe waƙa kafin ya shigo, ko dare ya yi nisa an rage fitila ana kiɗa mai sanyi. Daddawa tana gyara miya, amma ban taɓa ganin wanda ya jefa ta a koko ba. Kai yaro mai tambaya, ba jitarka ba ce, hannunka ne ya yi zari.

Sadiq Gwammaja: Allah ya ja kwana Baba, ya ƙara lafiya. Na karɓi laifina. Ashe duk inda na ga C na yi ta zuba daddawa.

Malam Habu Mai Jita: Allah ya ƙara girma Baba. Ku duba hikimar abin: C6 shi ne C, E, G, A, wato do, mi, so, la. Huɗu daga cikin sautuka biyar ɗin nan namu. Ina zai samu abokin faɗa? Kamun da Baba ya bayar babu G a ciki, amma ba ya rage komai, G ne sautin da aka fi saurin yafewa a kod. Akwai kuma Cadd9, x32030, inda ake ƙara re. Shi ma ɗan gida ne. Su ma masu jaz na Amurka da Nura yake jingina musu kod ɗin, dabararsu ke nan: in karin waƙa ya sauka a tushe sukan musanya meja sebin da na shida. Ba Bahaushe kaɗai abin ke sosa wa kunne ba.

Aminu Kurna: Malam wani lokaci ina ganin CM7 da babban M, wani lokaci Cm7 da ƙarami, wani lokaci har da wata alama mai kusurwa uku. Duk abu ɗaya ne?

Malam Habu Mai Jita: Cmaj7 da CM7 da C mai alamar kusurwa uku, duk ɗaya ne. Cm7 mai ƙaramin m kuwa maina ne: C, E fulat, G, B fulat. Wani gari ne daban. Shi ya sa ni maj7 nake rubuta wa ɗalibaina, don a rubutun hannu babban M da ƙarami sai Allah.

Sadiq Gwammaja: Saura tambaya ɗaya. Waƙa ta biyu da za mu yi a E fulat take, saboda muryar mai amshi. Can babu tsirkiya a sake da zan jingina da ita. Ya zan yi?

Malam Habu Mai Jita: Ko ka ɗaura kafo, ƙarfen nan mai matse duk tsirkiyoyin, a gida na 3 ka ci gaba da kamun C da F ɗinka, sautin zai fito E fulat da A fulat. Wannan ita ce hanyar da zan ba ka tunda Asabar ta matso. Ko kuma ka koyi kamu biyu masu tafiya. Na farko tushensa a tsirkiya ta biyar: x35453, Cmaj7 ke nan, ka tura shi gaba da gida uku ya zama x68786, ka samu na E fulat. Na biyu tushensa a ta shida: 8x998x shi ma Cmaj7 ne, in ka ja shi baya zuwa 3x443x ya zama Gmaj7. A wannan na biyun, cikin manuninka ne zai ɗan jingina da tsirkiya ta biyar ya kashe ta. Na fi son sa a ƙungiya, don sautuka huɗu ne cif, kowanne sau ɗaya, ba ya cika wuri.

Kuma in akwai mai bes da mai fiyano, ba dole ka kaɗa duka ba. Sautuka biyu ne ke ɗauke da kamannin kod ɗin, na uku da na bakwai, a Cmaj7 su ne E da B. Tushen yana hannun mai bes. Yawancin hayaniyar da nake ji a wajen biki daga nan take: mutum uku suna kaɗa abu ɗaya, kowa da ƙarfinsa.

Nura Fiyano: Wannan ta ƙarshen na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Masu jita ku ji da kyau.

Aminu Kurna: To ni maganata ta hunturu shi ke nan ta bi ruwa?

Baba Ɗanjuma: Ba ta bi ruwa ba ɗana, ba dai ita ce ciwon yau ba. Hunturun Kano ya fasa min jita guda, fuskar ta tsage tun daga gadar tsirkiya har ƙasa. In ka shafa gefen wuyan ka ji bakin ƙarafan suna kartar hannu, katakon ya bushe ya tsuke ke nan. Ka samu soso ka jiƙa, ka matse shi sosai, ka sa a gidan sabulu mai huji, ka ajiye cikin jakar jitar ka rufe. Kar ruwa ya taɓa katakon. Kuma kar ka rataye ta a bango har sai sanyi ya wuce.

Ummi Hotoro: Na gode Baba, tawa a bango take tun da aka saya. Malam na gwada Fmaj7 ya fito! Amma Cmaj7 ɗina tsirkiya ta uku tana yin dum-dum, ba ta ƙara.

Malam Habu Mai Jita: Yatsanki na tsakiya ne ya kwanta yana taɓa ta. Tanƙwara shi kamar ƙugiya, kan yatsan kaɗai ya danna, ki sauke babban yatsa zuwa bayan wuyan jitar. Ki yanke farcen hannun hagu kuma. Kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya har kowacce ta yi magana, sannan ki haɗa.

Ummi Hotoro: Farcen ne. Ga lalle na sha na bikin yayata, yanzu kuma a ce in yanke.

Anti Rifkatu: Na dama ki bar abinki 'yata, yana ma taimakawa wajen tsinkar tsirkiya. Na hagu ne ba sulhu.

Sadiq Gwammaja: Jama'a barkanmu da Lahadi, na dawo da rahoto. An yi dina jiya. Ga yadda na raba su: na buɗe waƙar ni kaɗai da Cmaj7 da Fmaj7, ina tsinka a hankali, kafin mawaƙin ya shigo. Da ya shigo na koma C, amma duk inda F yake na bar shi Fmaj7 tun daga farko har ƙarshe. Inda yake jan sunan amarya na ba shi C6 na Baba. Tsakanin baiti da baiti, in ya yi shiru, sai in ɗage manunin in bar ti ta ɗan leƙo, kafin ya buɗe baki na mayar. Bai juyo ba ko sau ɗaya. Da aka tashi ma cewa ya yi, "Ka ga da ka gyara saitin jitar nan yadda ta yi daɗi." Ban ce masa komai ba.

Abu ɗaya ne ya ɓaci. A waƙa ta biyu na manta kafo a gida, na ce bari in gwada x68786 ɗin Malam, ƙaramin yatsana ya ƙi kaiwa, sai na yi ta kaɗa tsirkiya biyu kawai ina murmushi.

Malam Habu Mai Jita: Waɗanne biyun?

Sadiq Gwammaja: Ta uku a gida na 7 da ta biyu a gida na 8. Da na tsakiya da na zobe na kama su.

Malam Habu Mai Jita: D da G ke nan, na bakwai da na uku na E fulat. Su ne biyun da na ce maka. Da gangan ka zaɓa ko dace ka yi?

Sadiq Gwammaja: Wallahi Malam su ne kawai yatsuna suka samu.

Nura Fiyano: Ni har yanzu ina kan bakana, a waƙar rawa ba shi da wurin zama. Amma Sadiq turo min rikodin ɗin buɗewar nan taka in ji. Akwai wata waƙa mai sanyi da aka kawo min shekaranjiya, ban san yadda zan shigar da ita ba. In kana da lokaci ranar Talata bayan la'asar ka biyo ta Zoo Road da jitar. Ka taho da kafon wannan karon.